Dabara Kafin Ƙarfi: Magana A Kan Tubalan Lissafi

Tun da ya ke jarrabawa ta matso, kowa kuwa ya duƙufa bisa littattafansa, mun ga ya kamata mu yi 'yar magana a kan wata irin tambaya ta lissafi wadda 'yan makaranta da yawa su ke gudu. Ita ce wadda a kan rubuta wa mutum waɗansu manyan lambobi, a ce ya tara su ko ya ɗebe wata daga cikin wata, sa'an nan ya nemo, cikin lambobin nan da ba su rabuwa, wace ce mafi girma da za ta raba jimlar ba saura. Waɗansu su kan ce wannan tarko ne kurum masu jarrabawa su ke ɗana wa yara. Mu kuwa ra'ayinmu ya saɓa da nasu. A ganinmu, cikin takardar lissafi duka da wuya a sami tambayar da ta fi wannan adalci, gama abin da ta ke aunawa shi ne ko mutum ya kan dubi abin da ke gabansa kafin ya ɗauki alƙalami. In kuwa haka ne, wajibi ne mu koye ta bisa hanyarta, mu kuma koya wa yaran da za a danƙa a hannunmu bisa wannan hanya.

Bari mu fara daidaita sunaye, don kada magana ta rikice. Lamba 12, biyu tana raba ta ba saura, haka uku, da huɗu, da shida. Amma 13, duk abin da ka kawo sai an sami saura, in ba ɗaya ba ko ita kanta. Irin wannan lamba ita za mu kira gagara-rabo. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 19. Guda 25 ne a ƙasa da ɗari, ta ƙarshensu 97, ita ɗaya kuwa ba a lissafa ta cikinsu. Kowace lamba da ta fi ɗaya, ko dai gagara-rabo ce, ko kuwa da su aka gina ta ta hanyar ninkawa, ginin nan kuwa iri ɗaya ne tak ga kowace lamba. Ga misali, 360 ita ce 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5, ko ta ina ka ɓullo mata abin da za ka tarar ke nan. Saboda haka za mu kira su tubalan lamba, kamar tubalan da magini ya ke jerawa ya ta da soro. Babban tubalin 360 shi ne 5. Uƙlidisu, malamin Iskandariyya, ya tabbatar da hujja tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa lambobin nan ba su da iyaka. Ke nan ba mai iya haddace su duka, tilas a nemi hanya.

Saura kalma guda. In an jera lamba ɗaya sau da yawa ana ninkawa, za mu ce ta yi hawa, kamar hawan bene. Watau 3 hawa 4 shi ne 3 × 3 × 3 × 3, 81 ke nan.

To, a ce an ba mu 3 hawa 8, da 3 hawa 9, da 3 hawa 10, aka ce a tara su, a nemo babban tubalin jimlar. Mai ƙarfi ya kan zage damtse nan da nan, ya ninka ya sami 6,561 da 19,683 da 59,049, ya tara ya sami 85,293. Daga nan ya shiga raba ta da uku, har sau takwas, kafin 13 ta fito masa. Ya isa lalle, amma ya daɗe a hanya, kowane mataki kuwa ƙofa ce ta kuskure. Mai dabara shi ya kan tsaya ya duba tukuna. Sai ya ga 3 hawa 8 tana zaune cikin lambobin nan duka uku: cikin ta farko sau ɗaya, cikin ta biyu sau uku, cikin ta uku sau tara. Ɗaya da uku da tara 13 ne. Jimlar ke nan ita ce 3 hawa 8 sau 13, tubalanta 3 da 13 kaɗai, babban kuwa 13. Layi biyu sun ishe shi. Da mai jarrabawa zai sauya hawan ya zama 80 da 81 da 82, da jimlar ta zama lamba mai alƙaluma 40, mai ƙarfi ya kwana yana ninkawa, alhali kuwa amsar mai dabara tana nan 13, ba ta motsa ba.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne, kowace mai tallar goro ta san shi. In tana da tsibi biyar na goro bakwai-bakwai, aka ƙara mata tsibi takwas bakwai-bakwai, ba sai ta watsa su ta ƙirga ɗai-ɗai ba, ta san tsibi 13 ne bakwai-bakwai. Da alƙalami mu kan rubuta 35 + 56 = 7 × 13, 91 ke nan. A lura da abin da ya auku a nan, gama shi ne zuciyar maganar. Bakwai, wadda lambobin biyu suka yi tarayya a kanta, ta wanzu cikin jimlar. Biyar ɗin da ke cikin 35 ta ɓace, biyun da ke cikin 56 ma ta ɓace. Sai ga 13 ta fito, wadda ba ta cikin ko ɗayansu. Saboda haka wanda ya leƙa tubalan kowace lamba dabam, ya zaɓi mafi girma ya ce ita ce amsa, ya ɓata. Tarawa ba ta riƙe kome sai abin da aka yi tarayya a kansa.

Wani lokaci mai jarrabawa ya kan sa wa lamba rigar aro. A ce 9 hawa 5, a ɗebe 3 hawa 6. Mai gaggawa ya ga tara a nan, uku a can, ya ce ba su da dangi. Amma tara uku sau uku ce, don haka 9 hawa 5 ita ce 3 hawa 10. In an tuɓe mata rigar, sai 3 hawa 6 ta fita daga cikin su biyun, abin da ya saura 81 a ɗebe ɗaya, watau 80. Tubalan 80 su ne 2 × 2 × 2 × 2 × 5. Babban tubalin duka ke nan 5. Wanda ya so gwadawa ya ɗebe 729 daga 59,049, zai sami 58,320, daidai da 729 sau 80.

Akwai kuma wata ƙofa, wadda a kan buɗe sa'ad da babu abin tarayya ko kaɗan. A ɗauki fili mai taki goma a kowane gefe, a yanke wani ƙaramin fili mai taki uku a kowane gefe daga kusurwarsa. Abin da ya saura, in an raba shi biyu aka jona, ya kan zama fili mai tsawon taki 13 da faɗin taki 7. Watau in an ninka lamba da kanta, aka ɗebe wata da aka ninka da kanta, abin da ya fito daidai ya ke da jimlar lambobin biyu a ninka da ratar da ke tsakaninsu. To, a ce 2 hawa 16, a ɗebe ɗaya. Ita 2 hawa 16 ita ce 256 sau 256, ɗaya kuwa ɗaya sau ɗaya ce. Ke nan amsar ginin ita ce 257 × 255. Ita 255 ba ta da wuya, 3 × 5 × 17 ce. Saura mu san halin 257.

A nan ne ya kamata a san inda a ke tsayawa wajen gwaji. Ba sai an gwada dukan lambobin da ke ƙasa da 257 ba. In lamba tana rabuwa gida biyu ta hanyar ninkawa, ba shi yiwuwa duka biyun su zama manya, lalle ɗayansu in an ninka ta da kanta ba za ta wuce lambar ba. Tun da 17 sau 17 ya kai 289, ya zarce 257, to, 2, 3, 5, 7, 11 da 13 kaɗai za a gwada. Ba wadda ta raba ta ba saura, saboda haka 257 gagara-rabo ce, ita ce kuma amsa. Wannan gajerar hanya tsohuwa ce. Ibnul Banna, malamin lissafi na Marrakush a ƙasar Maroko, wanda aka haifa a 1256, yana cikin waɗanda suka lura da ita.

Ramukan da 'yan makaranta su kan faɗa ciki uku ne, kowannensu kuwa ɗan gaggawa ne. Na farko, tsayawa kafin a kai ƙarshe, kamar wanda ya ga 80 ta fito ya rubuta ta, ya manta ita ma gini ce mai tubalai. Na biyu, mantawa da abin da aka fitar gefe. A ce an ninka lambobi tun daga 1 har 12, aka kuma ninka tun daga 1 har 13, aka tara su biyun. Na farkon yana cikin na biyun sau 13, don haka jimlar ita ce na farkon sau 14. Wani ya dubi 14 ya ce bakwai ce amsa. Wani ya tuna ya ga 13 a rubuce ya ce ita ce. Dukansu sun kauce. Ita 13 ta ɓace wajen tarawa, amma cikin abin da aka fitar gefe akwai 11, ita ce babban tubali.

Rami na uku ya fi su zurfi, shi ne yi wa rogo kallon kitse. Lamba kamar 51, ko 57, ko 87, ko 91, ko 143, ko 221, ido ya kan ce gagara-rabo ce, alhali 51 ita ce 3 × 17, 57 ita ce 3 × 19, 87 ita ce 3 × 29, 91 mun riga mun ga cikinta, 143 ita ce 11 × 13, 221 kuwa 13 × 17. Kada wani ya ce wannan tuntuɓen yara ne. Ferma, shahararren malamin lissafi na Faransa, ya dubi 3, 5, 17, 257 da 65,537, waɗanda a ke samu in an ƙara ɗaya bisa 2 hawa 1, hawa 2, hawa 4, hawa 8 da hawa 16. Ya ga dukansu gagara-rabo ne, sai ya yi tsammani a 1640 cewa duk na gaba ma haka su ke. Zaton nan ya zauna shekara casa'in da 'yan kai, har 1732, sa'ad da Oila, mutumin ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa ta gaba gare su, 4,294,967,297, ita ce 641 × 6,700,417. In zato ya iya ka da irin wannan malami, mu da mu ke koyo ba mu da uzurin rubuta amsa ba gwaji.

Yanzu sai mu saurari masu musu, gama suna da abin faɗa. Na farko su kan ce, "Ina amfanin wannan ga yaron da zai koma gona ko kasuwa?" Amsarmu ita ce su je zauren malamin da ke rabon gado su gani. In mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da 'ya'ya, matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi. Malamin ba ya ninka takwas da shida ya ce 48. Ya kan lura cewa su biyun sun yi tarayya a kan biyu, ya ɗauki rabin ɗayansu ya ninka da ɗayan, asalin mas'ala ya zama 24, matar ta sami kashi 3, uwar ta sami 4. Wannan shi ne malamai su ke kira tawafuƙi. In kuwa lambobin ba su yi tarayya a kan kome ba, kamar sulusi da rubu'i, sai su ce tabayuni ne, su ninka uku da huɗu ya zama 12. Ashe neman tubalan lamba ba baƙon ilimi ba ne a ƙasarmu, da shi a ke tsare hakkin marayu tun kakanni. Yaron da ya iya shi ya iya tara rabi da sulusi, ya iya rage kaso zuwa mafi sauƙin siffarsa, ya kuma san dashe 91 za su jeru layi 7 sha uku-sha uku, amma 97 ba za su jeru layi-layi daidai ba ko an kwana ana gwadawa.

Na biyu su kan ce, "Ai yanzu akwai na'ura, ko wayar da ke aljihun mutum ta iya wannan." Gaskiya ne na'ura ta fi mu saurin ninkawa. Amma ninkawa da warwarewa ba ɗaya ba ne, kamar yadda zuba gero cikin yashi ya fi tsince shi sauƙi. A 1903 wani malami a Amurka mai suna Kol ya nuna a gaban taron malaman lissafi cewa 2 hawa 67, in an ɗebe ɗaya, ita ce 193,707,721 × 761,838,257,287. Ninka su aikin ɗan lokaci ne a bisa allo, nemo su kuwa an ce ya cinye masa ranakun Lahadi na shekara uku. Ko da zuwan kwamfuta wuyar nan ba ta kau ba. A 1977 waɗansu malamai uku a Amurka suka ƙago wani makulli na tsare saƙo wanda ƙarfinsa ya dogara bisa wannan wuya kanta: a ninka gagara-rabo biyu manya, a bayyana wa duniya abin da ya fito, a ɓoye tubalan. Har yau ana amfani da shi wajen tsare saƙonni a intanet. A 2020 aka warware wata lamba irin wannan mai alƙaluma 250, aikin da in ƙwaƙwalwar kwamfuta guda aka bar wa, da ta shekara wajen 2,700 tana yi. To, ku duba wautar mai ƙarfi a ɗakin jarrabawa. An miƙa masa lamba tubalanta a fili, sai ya ninka ta, watau ya kulle ƙofar da aka bar masa a buɗe, ya jefa mabuɗin rijiya, sa'an nan ya koma yana dukan ƙyaure.

Na uku su kan ce, "Lokaci ya ƙure, gara mu haddace amsoshin tambayoyin bara da na bariya." Waɗannan mun fi jin tausayinsu, gama tsoro ne ya sa su faɗi haka. Amma haddar amsa gada ce ta kara. A tambayar nan tamu ta farko, in mai jarrabawa ya tara 3 hawa 10 da 3 hawa 9, sa'an nan ya ɗebe 3 hawa 8 maimakon ya tara ta, abin da ya saura ya zama tara da uku a ɗebe ɗaya, amsa ta koma 11. Alama guda aka sauya, wanda ya haddace 13 ya faɗa ruwa, wanda ya san dalili kuwa bai ko ji a jikinsa ba.

Ba mu ce hadda ba ta da wuri ba. Mu da muka bi ta makarantar allo mun san darajarta, mun san abin da aka zuba a ka tun ƙuruciya shi ya ke zama. Sai dai a zaɓi abin da za a haddace. A haddace gagara-rabo 25 ɗin nan da ke ƙasa da ɗari. A haddace abin da kowace lamba ta ke bayarwa in an ninka ta da kanta, tun daga ɗaya har ashirin, da hawan biyu har zuwa 1,024, wadda ita ce 2 hawa 10. A san alamun rabuwa: lambar da ta ƙare da 0 ko 5 biyar tana raba ta, wadda kuwa in an tara alƙalumanta uku ta raba jimlarsu, ita ma uku tana raba ta. A kuma riƙe cewa 1,001 ita ce 7 × 11 × 13, don in aka ga lamba kamar 247,247 a gane 247 ce sau 1,001, ita 247 kuwa 13 × 19 ce, babban tubali 19. Waɗannan su ne kayan aiki, kamar gatari da gizago ga masassaƙi. A tanade su tun yau, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar nan ta wuce ranar jarrabawa. Jarrabawa za ta zo ta wuce, amma mu aji za a ba mu, kowannenmu kuwa abin da ya saba da shi zai shuka. Malamin da ya ci jarrabawarsa da haddar amsa zai yaye yara masu jiran a faɗa musu, waɗanda in an sauya musu alama guda sai su tsaya cik, su ce lissafi ya fi ƙarfinsu, alhali ba kawunansu ne da laifi ba. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Saboda haka shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, ranar da za ka koya wa yara wannan babi, kada ka fara da allo. Ba kowane yaro ƙwallon dabino ko tsakuwa goma sha biyu, ka ce ya jera su layi-layi daidai, zai sami hanyoyi da dama. Ƙara masa guda su zama 13, ka bar shi ya yi ta fama har ya ce maka da bakinsa sun ƙi. A ranar ya san gagara-rabo, sanin da ba zai fita ba. In kuma ya kawo maka amsa, ko daidai ce, ka tambaye shi ta ina ya bi.

Ga malamanmu kuwa muna da roƙo guda, cikin ladabi. In ana duba takardunmu, da na yaran da mu ke gwajin koyarwa a kansu, a riƙa ba hanya nata rabo na maki. Wanda ya fitar da abin tarayya, ya tuɓe rigar aro, ya gwada har inda ya kamata, sa'an nan alƙalaminsa ya zame a layin ƙarshe, ya fi kusa da ilimi bisa ga wanda ya faɗo kan amsa bai san ƙofar da ya shiga ba. Abin da a ke saka wa da maki shi 'yan makaranta su kan bi.

Ga mai shiga ɗakin jarrabawa, guzurinsa tambayoyi huɗu ne, ya yi wa kansa su kafin ya ninka kome. Me lambobin nan suka yi tarayya a kansa? Akwai wadda ta sa rigar aro? Abin da ya saura, na warware shi har tubalinsa na ƙarshe, na kuma gwada shi? Abin da na fitar gefe, na koma na leƙa cikinsa? Wanda ya amsa waɗannan ya gama da tambayar, ya kuma sami sauran lokaci na duba aikinsa. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, ya sa mu amfani yaran da za a ba mu amana.